Yadda za ka canja wa Word riga ba tare da ka ɓata takardarka ba

Duk wanda ya taɓa raba dare yana tayifin ɗin furojet ya san abin da nake nufi, NEPA sun ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu ɗuɗum, kai kaɗai ne da laftof, farin shafin Word ɗin nan yana haska maka fuska kamar an dalle ka da tocila, ido na ruwa kai na sarawa amma aiki dole a gama shi kafin safiya. Toh akwai magani, kuma ba sai ka sauke komai daga intanet ba, yana nan cikin Word ɗin kanta. Sai dai kafin in nuna maka inda za ka danna akwai abu ɗaya da nake so ya zauna maka a kai, don shi ne wanda mutane suka fi yin kuskure a kansa: kalar manhaja daban, kalar takarda daban. Na farko riga ce kawai ka canja wa Word, kai kaɗai kake gani a kwamfutarka. Na biyu kuwa takardar kanta ka taɓa, duk inda fayil ɗin ya je da kalar zai tafi.

Bari in ba ka labarin yadda na koyi wannan. Akwai wani yaro da yake taya mu aiki a shagon tayifin, yaro ne mai ƙoƙari wallahi, hannunsa da sauri a kibod, wata rana aka bar masa aikin wani ɗalibi ya kwana yana yi. Haske ya dame shi, sai ya shiga Page Color ya mayar da shafin baƙi, ya ga kamar rubutun bai fito masa yadda yake so ba sai ya zaɓi komai ya mayar da kalar rubutun fari da hannunsa. Ya ji daɗin aikinsa ya gama ya yi sebin ya kwanta. Da safe mai aiki ya zo, aka tura firinta, takardu suka dinga fitowa fari fat babu ko ɗigo, mutumin nan ya riƙe kai yana salati wai aikinsa na wata uku ya tafi. Abin da ya faru shi ne Word ba ta buga kalar bayan shafi sai an ce mata ta buga, ta bar baƙin, ta buga farin rubutu a kan farar takarda. Yaron da ya ga haka sai ya ce ya gane, ya shiga saiti ya kunna buga kalar baya, aka sake turawa, shafi ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, da ban yi sauri na tsayar ba da tonar ranar ta ƙare a shafi goma. Tun daga ranar duk wanda zai zauna a kwamfutar shago sai na fara nuna masa bambancin nan.

Toh yanzu mu zo kan hanyar da ta dace.

Buɗe Word, ka danna File a can sama ta hagu, ka sauko ƙasa ka danna Account. A wasu kwamfutocin idan sikirin ɗin ƙarami ne ba za ka gan shi kai tsaye ba sai ka danna More tukuna. Idan shafin ya buɗe za ka ga wani ɗan akwati an rubuta Office Theme a kansa, nan ne wurin. Danna shi zaɓuɓɓuka su sauko, ka ɗauki wanda ya yi maka, nan take za ka ga komai ya canja, babu wani OK da za ka danna babu ristatin. Akwai hanya ta biyu da take kai ka wuri ɗaya: File, Options, General, sai ka duba sashen da aka rubuta Personalize your copy of Microsoft Office, nan ma akwai Office Theme ɗin, amma a nan sai ka danna OK kafin ya zauna. Ka riƙe wannan hanya ta biyun don za mu dawo mata.

Abin da za ka gani a cikin akwatin ya danganta da wace Office ce a kwamfutarka, kuma a nan ne mutane suke rikicewa, wani ya ga abokinsa yana da Black shi kuma ya duba ya duba babu, ya ɗauka tasa ce ta lalace. Ba lalacewa ba ce, shekara ce. Idan ba ka san wacce kake da ita ba, a wannan shafin na Account ɗin ta dama akwai bayanin, ko ka danna About Word.

Office 2013 kala uku gare ta, White da Light Gray da Dark Gray, kuma gaskiya ita ce ta fi kowacce kashe ido a cikinsu, fari ko'ina, har Dark Gray ɗin nata ma ba wani duhun kirki ba ne. Office 2016 ta zo da Colorful, wato kowace manhaja da kalar gidansu, Word shuɗi, Excel kore, PowerPoint ruwan goro, sai Dark Gray mai duhu sosai fiye da na 2013, sai White. Black ya shigo ga kowa a Office 2019, kafin nan masu biyan kuɗin wata-wata na Office 365 ne kawai suke da shi. Office 2021 zuwa sama da Microsoft 365, wato sabon sunan Office 365, kuma su ne suke da cikakken abin, har da wani zaɓi Use system setting wanda yake sa Word ta dinga bin Windows, in Windows ta yi duhu ita ma ta yi, in ta yi haske ta bi ta.

Masu tsohuwar Office kuma ban manta da ku ba don na san har yanzu kwamfutoci da yawa a shagunanmu da ofisoshi 2007 da 2010 suke ɗauke da ita, kuma tana aiki lafiya lau. A 2010 babu Account, File za ka shiga, Options, General, ka nemi Color scheme, akwai Blue da Silver da Black. A 2007 ma babu File ɗin gaba ɗaya, wannan ƙwallon mai tambarin Office da yake kusurwar hagu ta sama shi za ka danna, ka sauko Word Options, Popular, Color scheme, kalolin dai ukun nan ne. Black ɗinsu gefe-gefe kawai yake rufewa amma ya fi babu.

Wani abu da ya kamata ka sani, in ka canja a Word ka canja wa 'yan gidan duka kenan. Ka buɗe Excel za ka tarar ita ma ta sa baƙar riga, PowerPoint haka, Outlook haka. Ba za ka iya cewa Word baƙi Excel kore ba, anko suke yi. Kuma kar ka ji tsoro don PowerPoint ta yi baƙi, silayid ɗinka yana nan yadda ka tsara shi, ranar difens abin da zai fito a majigi shi ne abin da ka zana ba rigar manhajar ba. Excel kuwa a 2016 da 2019 da 2021 gefen ne kawai yake yin duhu, gidajen lissafin suna nan fari, haka take kar ka wahalar da kanka.

Yanzu ga inda maganar ta fi daɗi. A Office 2019 zuwa ƙasa ko ka zaɓi Black, saman ne da gefe suke yin baƙi, shafin da kake rubutu a kai yana nan fari tas, kuma in ka lura wani lokacin ma ya fi damun ido a haka, don farin ya zama shi kaɗai a tsakiyar duhu kamar taga da rana. A shekarar 2021 ne Microsoft suka gyara wannan, suka sa shafin kansa ya dinga yin duhu rubutu ya koma fari. Idan kana da Office 2021 ko Microsoft 365, da ka zaɓi Black za ka ga shafin ya yi duhu, ka shiga View a sama za ka tarar da wani sabon maɓalli Switch Modes mai hoton rana ko wata, danna shi shafi ya koma fari, sake dannawa ya koma baƙi. Maɓallin nan ba ya fitowa sai kana cikin baƙar riga, don haka in kana Colorful ka neme shi ka rasa ba laifin kowa ba ne.

Kuma duhun nan na Switch Modes a idonka kawai yake. Takardar tana nan fara a ciki, rubutu baƙi, ka tura firinta ta fito daidai, ka tura wa malaminka ta imel ko WhatsApp ya buɗe ya ganta yadda aka saba, ka mayar da ita PDF ta fito fara. Wannan shi ne abin da yaron shagonmu yake nema bai samu ba. In kana kokwanto danna Ctrl da P ka kalli hoton da yake fitowa ta dama kafin ka buga, abin da ka gani a nan shi firinta za ta fitar.

Sai dai akwai ɗan abin lura. In shafi yana duhu Word tana ɗan sauya yadda kaloli suke fitowa a ido don kar su yi ƙarfi da yawa, ja ya ɗan dushe, shuɗi ya ɗan yi haske, haka dai. Ga mai rubutun zalla wannan ba komai ba ne, amma in kana haɗa katin biki ne ko kalanda ko takardar makaranta mai tambari da kaloli, ka koma farin shafi kafin ka yanke hukunci a kan kala, in ba haka ba za ka zaɓi abin da ya yi maka kyau a duhu ya fito wani iri a takarda, amarya ta zo karɓar kati a yi ta rigima. Ni abin da nake yi, tayifin a baƙi, gyaran ƙarshe a fari, don ko kuskuren rubutu ma na fi kama shi a farin shafi, ban san ko sabo ba ne.

Akwai kuma waɗanda suke son gefen ya yi baƙi amma shafin ya zauna fari kullum, ba sa son kowane lokaci sai sun je Switch Modes. Ku koma waccan hanya ta biyu, File, Options, General, kusa da akwatin Office Theme akwai wani ɗan gurbi da aka rubuta Never change the document page color, a wasu kuma Disable dark mode aka rubuta, abu ɗaya ne sunan ne aka canja daga baya. Sa masa alama ka danna OK shikenan.

Toh mai Office 2013 ko 2016 ko 2019 fa, shi ya zauna ido ya tsiyaye? A'a akwai 'yar dabara. In karatu kawai za ka yi ba rubutu ba, misali an turo maka handawut mai shafi tamanin, shiga View ka danna Read Mode, in ya buɗe ka sake danna View na cikinsa, ka je Page Color, za ka ga Sepia da Inverse. Sepia kalar tsohuwar takarda ce kamar littafin da ya daɗe a kabad, tana da sanyi a ido sosai, Inverse kuma baƙin shafi farin rubutu. Ka ga sunan iri ɗaya ne da wancan Page Color mai haɗari amma wannan na cikin Read Mode ba ya taɓa takardarka, ka danna Esc ka fita komai ya dawo yadda yake. A 2019 akwai wani ma da ya fi shi, Learning Tools a ƙarƙashin View, wanda a sababbi aka mayar da sunansa Immersive Reader, shi har rubutu kana iya yi a ciki da kalar shafin da ka zaɓa, kuma shi ma bai shafi abin da za a buga ba.

Wuraren da nake cewa a yi hattara da su suna ƙarƙashin Design ne, a 2007 da 2010 kuma Page Layout. Nan akwai Page Color na gaske, akwai kuma Themes da Colors da Fonts. Kalmar Themes ɗin nan ita take yaudarar mutane, mutum ya ji an ce canja theme sai ya nufi nan, ya danna ɗaya, kawai ya ga kanun rubutunsa sun canja kala, salon harafi ya canja, shafi hamsin ya koma hamsin da uku, tebur ya tsallake ya rabu biyu. Wannan kayan adon takarda ne, suna da amfaninsu in kana tsara rahoto ko takardar talla, amma ba su da alaƙa da hasken da yake damun idonka. In ka danna bisa kuskure, Ctrl da Z nan take kafin ka yi wani abu.

In kuma aikin gama ya gama, wani ya kawo maka fayil a filashi ka buɗe ka ga shafi baƙi ko shuɗi alhali taka Word ɗin a fari take, ga yadda ake warware shi. Design, Page Color, No Color. In rubutun ya ɓace bayan haka kar hankalinka ya tashi yana nan, fari ne a kan fari, danna Ctrl da A ka zaɓi duka, ka je Home wurin harafin A mai layin kala a ƙasansa, ka danna ɗan kibiyar gefensa ka zaɓi Automatic. Automatic nake cewa ba baƙi ba, don shi Automatic yana da wayo, in baya ya yi duhu ya koma fari da kansa in baya fari ne ya zama baƙi. Ka tuna Ctrl da A ba ya kamo rubutun saman shafi da na ƙasa inda lambar shafi take, ba ya kamo na cikin akwatunan rubutu, waɗannan sai ka bi su ɗaya-ɗaya. Wasu za su ce maka ka danna Ctrl da Spacebar ya share komai, eh yana sharewa, amma har da rubutu mai kauri da na gicciye da ka sa da hannu duk zai tafi da su, ga mai furojet da ya jera sunayen littattafai a gicciye wannan sabon aiki ne. Sannan ka leƙa File, Options, Display, ƙarƙashin Printing options ka tabbatar Print background colors and images babu alama a kansa, sai dai in da gangan kake son buga kalar baya kuma tonar taka ce.

Sai maganar Windows kanta, don in Word ta yi baƙi amma ka buɗe folda ta watso maka fari, ba a yi komai ba. Danna maɓallin Windows da harafin I tare, Settings zai buɗe, ka shiga Personalization, Colors. A Windows 10 an rubuta Choose your color, a Windows 11 Choose your mode, ka zaɓi Light ko Dark ko Custom. Custom ɗin nan ya fi burge ni don yana raba abin biyu, layin ƙasa da Start daban, manhajoji daban, kana iya barin ƙasan baƙi manhajoji fari ko akasin haka, kuma in ka sa Word a Use system setting ɓangaren manhajojin take bi. Duhun nan ya shigo Windows 10 ne a 2016, amma File Explorer bai samu ba sai sabuntawar Oktoba 2018, saboda haka in ka zaɓi Dark ka ga folda tana nan fari, tsohuwar Windows 10 ce aka sa maka wadda ba ta taɓa ganin afdet ba. Masu Windows 7 kuwa babu wannan saitin sam, kuma Office 2019 zuwa sama ma ba ta hawa kanta. A wannan shafin dai akwai Transparency effects, in kwamfutarka mai ram 4 ce tana nishi, kashe shi, kwalliya ce kawai.

Akwai matsalar da na san da yawa za su ci karo da ita: ka shiga Colors ka tarar komai ya dushe ba ya dannuwa, da wani rubutu a sama yana cewa sai ka yi aktibetin Windows. Haka Microsoft suka tsara, Windows ɗin da ba a yi wa rajista ba ana kulle mata ɓangaren kwalliya. Amma wannan bai hana ka canja rigar Word ba, nata saitin daban yake, kawai ka zaɓi Black ko Dark Gray kai tsaye ka bar Use system setting. Kuma don Allah kar wannan ya sa ka tafi intanet neman wata manhaja wai mai canja kalar Windows ko mai buɗe kulle, irin waɗannan da yawansu da ƙwayar cuta suke zuwa, wasu kuma suna taɓa fayilolin Windows na ciki, ranar da aka yi afdet kwamfuta ta tashi da baƙin sikirin babu komai sai kibiyar maus, daga neman kwalliya ka koma neman mai fomatin.

Wani abin da yake kawo mana mutane shago a rikice shi ne kwamfuta ta koma baƙi da rubutu rawaya ko kore ko'ina, manyan layuka a kewaye da komai, har Word ɗin ta zama wata iri, su ce ba su taɓa komai ba. Yawanci yaro ne ya hau kibod. Wannan High contrast ne, an yi shi don masu raunin gani, kuma yana kunnuwa in aka danna Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen tare. Sake danna ukun ya koma. In yana kunne duk abin da ka zaɓa a Office Theme ba zai yi tasiri ba don shi yake danne komai. A Windows 11 sunansa Contrast themes a ƙarƙashin Accessibility, a Windows 10 yana Ease of Access. In kuma sikirin ya koma kamar tsohuwar talabijin marar kala, Color filters ne, yana wuri ɗaya da wancan, ka shiga ka kashe, ko ka gwada Windows da Ctrl da C. Amma fa ga dattijon da idonsa ya yi rauni High contrast ɗin nan alheri ne, na taɓa saita wa wani baba mai rubuta takardun masallaci, ya ce rabon da ya ga harafi tar haka tun kafin ya fara sa tabarau.

Sai batun batir, don na sha jin ana cewa ka sa baƙi caji ya daɗe. A waya mai sikirin OLED gaskiya ne, don ita kowane ɗigo da kansa yake ba da haske, in wurin baƙi ne sai ya mutu gaba ɗaya. Amma yawancin laftof ɗin da muke saya 'yan Beljiyam, HP da Dell da Lenovo na ofis, LCD ne, fitila ce guda a bayan gilashin take ci ko shafin fari ne ko baƙi. A irin waɗannan baƙar riga ba za ta ƙara maka wani cajin kirki ba, abin da yake ƙarawa shi ne rage hasken sikirin ɗin kansa da maɓallan nan masu hoton rana a layin sama na kibod, wani sai ka haɗa da Fn. In an ɗauke wuta wannan za ka fara yi kafin komai.

Kuma ba kowa baƙi yake yi wa daɗi ba, kar ka ga ana yayi ka takura wa kanka. Akwai mutanen da farin rubutu a kan baƙi yake yi musu kamar yana da inuwa ko yana rawa, musamman masu matsalar ido irin wadda ake ba wa tabarau, su farin shafi da aka rage wa haske ya fi musu. Sannan wuri ma yana da tasiri, in shagonka yana kallon titi rana tana shigowa, baƙin sikirin madubi yake zama, fuskarka da masu wucewa kawai za ka dinga gani. Da rana ni Colorful nake bari ko Dark Gray, in magariba ta yi in koma Black. Dark Gray ɗin nan mutane suna raina shi amma a ganina shi ne ya fi dacewa da mai Office 2016 ko 2019, tunda shafin zai zauna fari ko ta yaya, gara gefen ya zama toka-toka da ya zama baƙi wuluk, bambancin bai kai ya soki ido ba.

In dare ne kuma ka haɗa da Night light, yana Settings, System, Display, a Windows 10 da 11 duka. Yana rage shuɗin haske sikirin ya koma ɗan ja-ja kamar hasken fitilar ƙwai, kana iya saita masa lokaci ya dinga kunna kansa misali daga ƙarfe 7 na yamma zuwa asuba, akwai kuma ɗan layin da ake ja a rage ƙarfinsa in ya yi maka ja da yawa. Minti biyar na farko za ka ji wani iri, daga baya in ka kashe shi ne za ka gane irin hasken da kake sha da. Shi ma dai ka kashe shi in za ka zaɓi kala ko gyara hoto.

Ragowar 'yan gyare-gyaren ba su da yawa. Office Background da yake saman Office Theme a wasu Office ɗin zane ne kawai yake sawa a kusurwar sama, gajimare ko taurari ko da'irori, sai ka shiga da akawun ɗinka na Microsoft yake fitowa, ni No Background nake bari. In layin maɓallan sama ya cinye maka wuri a ƙaramin sikirin danna Ctrl da F1 ya naɗe, sake dannawa ya dawo, wannan ma yana cikin abin da yake ɓace wa mutane su zo suna cewa Word ɗinsu ta lalace. In rubutu ya yi maka ƙanana kar ka ƙara girman harafi don shi ma takardar yake taɓawa, malami ya ce 12 kai ka kai masa 16, riƙe Ctrl ka murza tayar maus sama, ko ka ja ɗan layin da yake kusurwar dama ta ƙasa zuwa 130 ko 150.

Masu Mac naku ya ɗan bambanta, Word tana bin kalar kwamfutar ne, in ka sa Dark a Appearance na saitin Mac ita ma ta yi duhu, in kana son ware ta ka danna Word a layin sama, Preferences, General, a nan akwai zaɓin kashe duhun gaba ɗaya ko barin shafi fari.

In kwamfutar ta shago ce ko ta ofis da mutane da yawa suke hawa da akawun ɗaya, duk abin da ka canja kowa zai tarar da shi, don haka in ka gama aikin darenka ka mayar musu Colorful kafin ka tashi, ko aƙalla ka danna Switch Modes shafin ya koma fari, don wanda zai zauna da safe in ya ga baƙin shafi abu na farko da zai yi shi ne ya nufi Design ya fara taɓa Page Color yana neman gyara.